Allo Kafin Na'ura: Tsara Kwas ɗin Algoridim ga Ɗaliban Jami'a a Yankin Nguru da Gashuwa

Tsakure

Maƙalar nan ta ɗauki kwas ɗaya daga cikin kwasa-kwasan digirin kimiyyar kwamfuta, wato na algoridim da auna nauyin aikinsa, ta duba yadda ya dace a tsara shi a kuma gudanar da shi a arewacin Jihar Yobe. Ra'ayin da take karewa shi ne, jigon kwas ɗin tambayoyi biyu ne: ko matakan da aka jera suna kai wa ga amsa daidai a kowane hali, da kuma yadda aikin yake ƙaruwa idan kaya suka ƙaru. Dukkansu da allo da takarda ake amsa su. Saboda haka maƙalar ta ba da shawarar a fara da lissafin da ɗalibi ya zo da shi daga gida, a keɓe ɗakin kwamfuta don awo, a kuma ɗora makin jinga a kan bayanin baki. An gina ta ne a kan abin da marubucin ya gani a aji.

Gabatarwa



A 2013 gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a Gashuwa, tare da na Gusau da Birnin Kebbi. Kafin nan, yaron Machina ko Yusufari ko Karasuwa da yake son digiri sai ya niƙi gari zuwa Maiduguri ko Kano ko Damaturu. Ba wai yankin baƙon karatu ba ne. Gashuwa tana da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, Nguru tana da kwalejojinta da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, kuma tun da layin dogo daga Kano ya tuƙe a Nguru a 1930 garin ya zama wurin awo da ƙidaya: gyaɗa, fatu, ƙaro, busasshen kifi. Abin da yake sabo shi ne a zaunar da jikokin waɗannan fatake a ce za a koya musu yadda ake tsara wa na'ura matakan aiki.

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon kundin manhajar karatu, ta riƙe kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Kundin ya lissafa batutuwa. Bai ce ga wanda za a fara da shi ba, bai ce ga misalin da zai shiga kan yaron Jajimaji ba, kuma ba aikinsa ba ne ya ce ga abin yi ranar da babu wuta. Wannan giɓi shi ne abin da zan yi magana a kai.

Kuskuren da na fara da shi

Shekarar da aka fara danƙa mini kwas ɗin, na buɗe babban littafin nan na Cormen da abokan aikinsa, wanda ya fara fitowa a 1990, na bi surorinsa a jere kamar mai sauka. Kowane mako sai in ba da jinga: a rubuta manhajar da za ta yi kaza. Jinga tana dawowa tsaf, har na fara yaba wa kaina.

Wata rana muna shirin shiga ɗakin kwamfuta aka ɗauke wuta. Don kada sa'o'in su tafi a banza, na rubuta lambobi bakwai a allo, na kira wani ɗalibi da ya fi kowa maki a jingar jerantawa, na miƙa masa alli na ce ya nuna mana abin da manhajarsa take yi wa waɗannan lambobi, mataki bayan mataki. Ya kalli allon, ya kalle ni. Sai ya jera su daga ƙarami zuwa babba da ido, cikin daƙiƙa kaɗan, ya ce, "Malam, ga shi." Na ce ba amsar nake tambaya ba, hanyar nake tambaya, wace lamba aka fara gwadawa da wace? Ya sosa ƙeya. Aji ya yi tsit, irin shirun da kowa yake addu'ar kada a kira shi.

Laifin ba na yaron ba ne. Abin da na biya da maki shi ya kawo mini. Na nemi manhaja mai aiki, intanet kuwa cike take da su, balle daga Nuwamban 2022 da ChatGPT ya fito, wanda zai rubuta ta har da sharhi. Tun ranar na gane cewa na kwashe makonni ina koyar da kwafe, ina kiransa algoridim.

Abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida

Yanzu makon farko ba na ambaton kwamfuta ko sau ɗaya. Da rabon gado nake buɗewa. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da uwa da ɗa namiji guda. Mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi, abin da ya saura na ɗa. Da wuya a rasa wanda ya yi karatun zaure ko Islamiyya a aji da zai ce asalin mas'alar 24 ne: mata 3, uwa 4, ɗa 17. Sai in tambaye shi ina ya samo 24. Nan ne kalmomin malaman fara'ili suke fitowa: tamasuli, tadahuli, tawafuƙi, tabayuni. Takwas da shida sun yi tawafuƙi da rabi, sai a buga rabin ɗaya a cikin ɗayan. To, yaya aka gane sun yi tawafuƙin? A cire shida daga takwas, saura biyu. A yi ta cire biyu daga shida har ta ƙare ba saura. Wannan ciccirewa ita ce hanyar da Iƙilidis ya rubuta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har gobe da ita ake buɗe littattafan algoridim.

Sunan algoridim ma kansa daga nan ya fito. Muhammad ɗan Musa Alhawarizmi ya yi aiki a Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820, kuma babban kaso na littafinsa na aljabara a kan wasiyya da gado yake. Turawa suka murɗe sunansa a bakinsu, ya zama kalmar da muke aro yau. Idan ɗalibai suka ji haka, zamansu ma yakan canza.

Mako na biyu nakan kawo Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Nakan fara da cewa ba zancen tsibbu ya kawo mu ba, domin akwai waɗanda da jin kalmar hatimi za su haɗe rai. Abin da ya shafe mu shi ne lambobi 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi ya tashi 15. Ina koya musu ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin: a sa 1 a tsakiyar layin sama, a riƙa hawa sama ta dama, wanda ya fita ta gefe ya shigo ta ɗaya gefen, idan gida a cike yake a sauko ƙasa da gida ɗaya. Kowa yakan iya na uku-uku. Sai in ce a yi na biyar-biyar, layi ya tashi 65. Shi ma yakan fito. Sai na huɗu-huɗu, nan hanyar take watsewa. Daga wannan watsewar ɗalibi yake fara jin tambayar farko ta kwas ɗin a jikinsa: don hanya ta yi aiki sau biyu, ba shi ne hujjar za ta yi a ko'ina ba.

Misalin da ya fi kowane daɗi a aji shi ne na canji. Mai shago zai ba da canjin naira 600. Dabarar haɗama ta ce kullum ka ɗauki takarda mafi girma da ba ta wuce abin da ake bin ka ba: 500, sannan 100. Idan akwai kowace takarda a wadace, dabarar ba ta kuskure da irin kuɗinmu. Amma a ce a cikin gwangwanin akwai 'yar ɗari biyar guda da 'yan ɗari bibbiyu uku, babu 'yar ɗari. Haɗama za ta cafki 500 ta maƙale. Yaron shago kuwa, ko makaranta bai je ba, zai miƙa ɗari bibbiyun nan uku. Waɗanda suka ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba sa buƙatar dogon bayani. Daga nan zuwa dabarar cike jadawali, wadda Richard Bellman ya tsara a shekarun 1950, taku ɗaya ne: idan zaɓin gaggawa yana iya yaudara, sai a warware ƙananan adadi tukuna, a ajiye amsoshinsu, a gina manya a kansu.

Jerin makonni

A takarda zangon karatu makonni 15 ne na lacca. Ni a kan 11 nake yin lissafina. Rajista takan ja, hutun Salla yakan haɗa da kwanakin tafiya da na dawowa, kuma wanda ya koyar bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya san yadda ake matse zango. Littattafai sun saba ajiye masu wuya a ƙarshe. A wurinmu ƙarshen ne yake gutsurewa, don haka nakan jawo auna nauyin aiki da kafa hujja zuwa mako na uku da na huɗu. Idan zangon ya faɗo a bazara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, nakan roƙi mai jadawali ya ba ni safiya. Hujjar lissafi da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, malamin ma da ƙyar yake bin kansa.

Auna nauyin aiki da jiki muke fara shi. Ɗalibai 32 su fito fili, kowa riƙe da takarda mai lamba. Mutum ɗaya ya jera su ta hanyar cusa kowane sabo a gurbinsa, wani yana ƙirga sau nawa aka gwada lamba da lamba. Idan an yi rashin sa'a ƙirgan zai kai 496. Sai a sake cakuɗa su, a raba biyu, a sake raba biyu har kowa ya tsaya shi kaɗai, sannan a riƙa haɗewa a jere, hanyar da John von Neumann ya rubuta a 1945. Wannan ba ta wuce gwaji 129 komai muninta. Ana hayaniya, ana dariya, wani ya ɓata layi a sake. Amma idan muka koma aji na ce sunaye 1,000 za su ci gwaji kusan 500,000 ta hanyar farko, kusan 10,000 ta hanya ta biyu, ba wanda yake ɗauka tatsuniya ce. Haka neman suna ta raba-biyu: rajistar masu zaɓe ta 2023 tana da mutum sama da miliyan 93, amma idan a jere take, tambaya 27 ta isa a gano kowa. Alamar babban O sai bayan wannan take zuwa, a matsayin gajeren suna ga abin da ido ya riga ya gani.

Makonnin ragar hanyoyi su ne inda yankin nan ya fi kowa arzikin misali. Nakan ce su zana mini hanyoyin da suka sani: Nguru zuwa Gashuwa ta Jajimaji; Gashuwa zuwa Damaturu ta Bayamari da Dapchi; ko ta Jakusko a ɓulla Potiskum. Su ne suke sa wa kowace hanya nauyinta, ba ni ba, kuma nan take gardama take tashi: da kilomita za a auna, ko da sa'o'i, ko da kuɗin mota? Wani zai ce ai da damina lissafin daban ne, a tuna ambaliyar 2022. Wannan gardama rabin darasin ce, domin algoridim ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba. Sauran rabin shi ne hanyar Edsger Dijkstra, wadda ya ƙirƙira a Amsterdam a 1956 ya buga a 1959. Jan wayar lantarki zuwa ƙauyuka da mafi ƙarancin waya kuwa ita ce ainihin matsalar da Otakar Borůvka ya warware a 1926 don yankin Morabiya, a ƙasar Cek ta yau. Sunayen ƙauyukan kawai muke sauyawa.

Sai ruwa. Kogin Haɗeja yana rarrabuwa a cikin fadama, reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, saura su gangara su haɗu da ruwan Jama'are su zama kogin Yobe da ya ratsa Gashuwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin zuwan ruwan ya sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai da dama. Ɗan masunci ko ɗan manomin shinkafa ya san cewa ruwan da zai iso gonarsa bai wuce abin da mafi ƙuncin mashiga ta bari ba. Abin da Ford da Fulkerson suka kafa wa hujja ke nan a 1956. Gaskiya fadama ta fi zanenmu na allo rikitarwa nesa ba kusa ba, kuma nakan faɗa musu haka, kada wani ya fita yana ganin ya warware matsalar kacala da alli.

Matsalolin da har yau ba a samo musu hanya mai sauri ba lacca ɗaya nake ba su. Ɗan koli mai zagaya kasuwanni 10 ya dawo kasuwar da ya fara da ita yana da zagaye 181,440 da zai zaɓa daga ciki. Idan kasuwannin suka kai 15, adadin ya haura biliyan 43. A wannan mataki ya isa su san cewa akwai bango, su kuma san kamanninsa.

Me za a yi da ɗakin kwamfuta?

Na san abin da wasu a zauren taron nan suke rayawa a zuci: wannan ai yi wa talauci kwalliya ne, an rasa wuta an ce allo ya fi. Ban ce kada a nemi sola ba, ban ce kada a matsa wa TETFund ba. Ɗalibin da ya gama digiri bai iya rubuta manhaja ba an cuce shi, kuma akwai kwasa-kwasan da aikinsu ke nan tun daga aji ɗaya da biyu. Abin da nake cewa shi ne, ko da wuta ba ta ƙiftawa, wannan kwas ɗin haka ya kamata a koyar da shi. Dijkstra da kansa ya ba da labarin cewa a wurin shan gahawa ya tsara hanyarsa, cikin kimanin minti 20, ba fensir ba takarda.

Zama uku nake nema a ɗakin kwamfuta a duk zangon, kuma ukun na awo ne. Kafin a kunna na'ura kowa zai rubuta hasashensa a littafi da biro: idan lambobi suka tashi daga 1,000 zuwa 10,000, lokacin jerantawa ta cusawa zai ninka sau nawa? Wanda ya fahimci darasi zai ce kusan sau 100. Sannan a gudu da manhajar a Python, a rubuta abin da agogo ya nuna kusa da hasashen. Inda suka saɓa, nan ne jingar: a yi bayanin dalili. Wanda layi bai kai kansa ba yana iya yin awon a wayarsa, tunda akwai manhajoji irin su Pydroid da suke gudanar da Python a Android. Na'ura a nan shaida ce da ake kira bayan an gama shigar da ƙara.

Maki

A yawancin jami'o'inmu jarrabawar ƙarshe tana da maki 70, aikin cikin zango 30. Talatin ɗin nan nakan raba su uku daidai: gwajin bin sawun algoridim da hannu, littafin awo, da kare jinga da baki.

Na ƙarshen daga tsangaya na aro shi. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam. Bambancin shi ne ni ba hadda nake nema ba. Ɗalibi ya samo manhajarsa daga inda ya ga dama, ban hana ba, ban ma tambaya. Amma zai tsaya a gabana in sauya abu ɗaya: lambobi biyu su zo iri ɗaya, ko jerin ya zo babu komai a ciki, ko hanya ɗaya a taswira ta yanke. Me zai faru, a wane layi? Wanda ya fahimta yakan yi ɗan jim ya amsa. Wanda ya kwafa, tambayar farko take tona shi.

Wahalarsa lokaci. Aji mai mutum 120, minti goma-goma, sa'o'i 20 ke nan, babu malamin da yake da su. Sai na koma rukunin mutum huɗu-huɗu, a jefa ƙuri'a a gabana a fitar da wanda zai yi magana, makin da ya samu na rukunin ne duka. Sa'o'i biyar sun wadatar. Tsoron ƙuri'a yana sa gwanin rukuni ya zaunar da sauran ya koya musu da dare, abin da roƙo bai taɓa sa shi ya yi ba. Tsarin yana da zalunci a ciki, ban ɓoye ba: wani lokaci ƙuri'a takan faɗa kan wanda bai zo ko zama ɗaya ba, mutum uku su sha hukuncin laifinsa. Nakan ba irin wannan rukuni dama ta biyu da ragin maki. Na kuma lura cewa ɗalibai mata da ba sa ɗaga hannu a babban aji sukan fi sakewa a wannan ƙaramin zama, musamman idan an bar su sun zaɓi rukuninsu da kansu.

Harshe

Da Ingilishi ake lacca, da shi ake jarrabawa, kuma jami'ar tarayya tana ɗaukar ɗalibai daga jihohin da ba a jin Hausa. Ba daidai ba ne a mayar da su baƙi a ajinsu. Sai dai da an fita ƙofa, Babade da Bamange da Bafulatani da Hausa suke yi wa juna bitar abin da aka koyar. Tunda bitar nan za a yi ta ko mun so ko mun ƙi, gara a yi ta da kalmomi masu kyau. Shi ya sa nakan ware mintunan ƙarshe na wasu laccoci mu nemi sunan abu tare. "Haɗama" ta zauna daram tun ranar farko. "Raba-biyu" da "bin sawu" ma haka. "Cike jadawali" ta fi sunanta na Ingilishi faɗin gaskiyar abin da ake yi.

Wadda ta gagare ni ita ce dabarar da aiki yake kiran kansa a kan ƙaramin kaso na matsalar. Mun ce "kiran kai", amma sunan bai buɗe wa kowa komai ba. Na gwada misalin munasaha, inda magaji yake rasuwa kafin a raba gado, sai a buɗe sabon rabo a cikin na farko. Waɗanda suka yi fara'ili suka gyaɗa kai, saura suka ƙara ruɗewa. Na gwada jeren kwanonin da ake sa ƙarami cikin babba, ya nuna shigar amma bai nuna dawowar amsa daga ciki zuwa waje ba, alhali a dawowar ne ɗalibai suke ɓata. Har yanzu wannan mako shi ne wanda nake shiga aji ina fargaba. Idan a cikin malamaina akwai wanda ya sami misalin da yake aiki, daga kasuwa ne ko daga gona ko daga zaure, ina nan a bakin ƙofa bayan an tashi, da littafina a hannu.